Goge Sunayen Nan Kafin Ki Tafi

Makon jiya wata ɗaliba mai shirin digirin digirgir ta kawo mini tsarin bincikenta. Tana so ta yi nazarin yadda gwamnatin soja a wata ƙasa ke juya gidajen rediyo masu zaman kansu. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini jadawali: sunayen 'yan jarida kusan 30, lambar wayar kowa, tashar da yake aiki, da wani layi da ta sa wa suna "ra'ayinsa game da gwamnati". Fayil ɗin yana cikin imel ɗinta, babu kalmar sirri, kuma da wannan kwamfutar za ta bi ta hannun jami'an filin jirgi. Na ce ta rufe. Ta ce, "Malam, ai kwamitin ɗa'ar bincike ne ya ce a ajiye komai." Gabana ya faɗi, don da wannan maganar na kare kaina shekaru masu yawa.

Ni ma haka na fara. Duk ɗan jaridar da na zanta da shi sai na miƙa masa takardar amincewa ya rubuta cikakken sunansa ya sa hannu. An tsara takardar ne don kare mai ba da bayani, amma a ƙasar da ake ɗaure mutum kan magana, shaida ce a rubuce cewa wane ya zauna da baƙo ya tona asirin gida. Na ɗauki muryoyi, na ba wani mataimaki ɗan garin ya juya su a takarda don sauri, ban tambayi kaina da wa yake zama ba. Babban kuskuren ya zo wajen bugawa. Na sauya wa wani edita suna, na ɗauka na gama. Amma na rubuta cewa shi ne shugaban sashen labarai, ya haura shekara 10 a tashar, kuma tsohon malamin makaranta ne. Tashoshin da ke da ɗakin labarai a birnin ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Na kuma kawo maganarsa kalma da kalma, har da wata 'yar kalma da yake yawan maimaitawa, wadda duk mai sauraronsa ya san shi da ita. Watanni kaɗan bayan fitowar maƙalar aka ɗauke shi daga ɗakin labarai aka mai da shi ɗakin ajiyar tsofaffin kaset, daga baya aka ƙi sabunta masa kwantiragi.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa dama an sa masa ido. Ina kuma cewa masu tantance maƙala ne suka matsa sai na bayyana matsayin kowane mai magana, kuma gaskiya sun matsa. Ƙarin girma a jami'a da yawan maƙaloli ake samunsa, ni kuma a lokacin ƙaramin malami ne mai iyali. Duk wannan haka yake. Sai dai ni na koma ofishina lafiya, shi ya rasa abincinsa. Na ɗauka babu mai karanta mujallar ilimi sai mu ya mu, ashe ofisoshin jakadanci suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su bi abin da aka rubuta kan ƙasarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayaninsa ne ya buɗe mini ido. Na shiga fagen ina neman dokoki, irin Doka ta 4 ta 1984 a Najeriya wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita, ko dokar Rasha ta Maris 2022 mai ɗaurin da ya kai shekara 15 kan abin da suka kira labarin ƙarya game da soja. Waɗannan a rubuce suke, nazarinsu ba wuya. Editan ya nuna mini cewa yawancin takunkumin ba ya barin sawu. Waya ce ake bugowa kafin labaran yamma a ce "an kira daga sama". Tallar gwamnati ce ake janyewa sai albashi ya gagara. Lasisi ya ƙare a bar takardar sabuntawa kan tebur wata da watanni, ko ma'aikatan haraji su dira washegarin wani rahoto. Bayan shekara biyu ba a ma buƙatar kira, edita da kansa yake cire labarin tun kafin ya isa gaban mai karantawa.

A aji ma na yi ɓarna. Nakan nuna ɗalibi in ce ya faɗi ra'ayinsa kan shugaban ƙasarsa a gaban mutum 60, alhali iyayensa suna can gida. Na bar ana naɗar darasi. Takardun jarrabawa masu lambar rajista suna jibge a ma'ajiya da ra'ayin kowa a ciki. Na kira wannan koyar da ƙarfin hali, kuma har yau ina ganin ajin da ba a musu a cikinsa mataccen aji ne. Amma bayan dokar tsaron Hong Kong ta Yuni 2020, wadda ta ce tana hawa kan mutum ko a wajen ƙasar ya yi magana, wasu malamai a Amurka da Ingila sun koma karɓar aikin ɗalibai da lamba maimakon suna, sun hana naɗar darasi. Da tuni ya kamata in yi haka.

Na shirya wa ɗalibar tawa shawarwari da yawa, da na zauna sai suka ragu.

Kada ki tara suna. Ki nemi kwamitin ɗa'ar bincike ya yarda da amincewar baki, suna yarda in an yi musu bayanin haɗarin a rubuce. Kowane mutum ki ba shi lamba. Takardar da ta haɗa lamba da suna ta zama guda ɗaya tak, da hannu, ba ta tafiya tare da bayanan, kuma ki ƙona ta da zarar kin gama. Kada ki yi alƙawarin sirrin da ba ki da ikon cikawa: kaset ɗin hirarrakin rikicin Ireland ta Arewa da aka ajiye a Kwalejin Boston, kotu ta sa an miƙa wasu daga ciki duk da alƙawarin da aka yi wa masu maganar, kuma wannan a Amurka ne. Ki tafi da waya da kwamfutar da babu komai a kansu. Signal, manhajar aika saƙo a asirce, yana da kyau, ki kunna goge saƙo da kansa, amma in an dasa wa wayar manhajar leƙen asiri irin Pegasus to ana karanta saƙon tun daga kan allo. Don haka wayoyi su tsaya a wani ɗaki lokacin hira.

Ku yaran yanzu kuwa, tun daga filin jirgi kun ɗora hoto a Facebook kuna sanar da duniya inda za ku da abin da za ku yi. Giulio Regeni ɗalibin Cambridge ne, ƙungiyoyin ƙwadago kawai yake bincike a Alƙahira. Ya ɓace ranar 25 ga Janairu 2016, aka tsinci gawarsa ranar 3 ga Fabrairu da alamun azabtarwa, kuma shugaban ƙungiyar masu talla a titi da yake hulɗa da shi ya amsa cewa ya kai rahotonsa ga jami'an tsaro. Matthew Hedges na Jami'ar Durham an yanke masa ɗaurin rai da rai a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Nuwamba 2018, aka yafe masa bayan kwanaki saboda ƙasarsa ta tsaya masa. Wa zai tsaya wa ɗan jaridar da ke layi na bakwai a jadawalinki?

Ki fara da abin da za a ƙirga ba tare da an taɓa kowa ba. Gary King da Jennifer Pan da Margaret Roberts sun kwashe saƙonnin intanet na Sin kafin a goge su, suka duba waɗanda suka ɓace, suka nuna a 2013 cewa an fi goge kiran taruwa fiye da sukar gwamnati. Ke ma ki naɗi labaran yamma na wata shida, ki lissafa wa aka ba minti nawa, talla ta wa ce ta shigo, ta wa ce ta daina zuwa. Watakila ma ba sai kin je ba.

A'a, ki je. Ƙirga ba zai taɓa nuna miki wayar nan ta kafin labarai ba, sai wanda ya ɗaga ta ya gaya miki. Kada ki ɗauki murya, ki rubuta da hannu. Na san za a ce ina shaidarki, kuma mai tantancewa zai iya mayar miki da maƙalar. To ya mayar. Ki sake maganar da kalmominki, ki ce "wani babban ma'aikacin labarai" ki tsaya nan, ki nuna wa mutumin sakin layin kafin a buga. In ya ce a cire, ki cire, ko da shi ne mafi daɗi a kundin.

Ta tafi ranta a ɓace, tana ganin na mai da mata aikin wata huɗu baya. Ranar Alhamis za ta dawo da sabon jadawali. Na gaya mata ba zan sa hannu ba sai na ga layin "ra'ayi" ya fita, an goge fayil ɗin daga imel har da kwandon shara, kuma ta nuna mini kwamfutar da za ta tafi da ita.