Ranar da aka raba bilten

Shekara shida ke nan ina riƙe da ɗan wurin karatun marece a nan Tawa: ɗaki biyu, benci goma sha biyu, malamai uku har da ni. Yaran kwaleji muke taimaka wa, daga siziyem, ajin farko na kwaleji, zuwa ajin masu zana BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji. Amma duk makon da lakkol ta raba bilten, wato takardar sakamakon yara, uwaye sun fi yara yawa a ƙofarmu.

Takardar da Faransanci take zuwa, mazan gida kuma da yawa suna ci-rani Abijan. Uwa abu biyu take iya gani: jan biro, da na nawa ɗanta ya zo. Daga nan sai faɗa, wani lokaci bulala. Ni kuwa shimfiɗa takardar nake bisa tebur, mu bi ta layi-layi da Hausa. Maki bisa 20 ne, 10 ita ce iyakar tsira. Kowane darasi da nauyinsa, abin da ake kira kowefisiyan, shi ya sa 7 a lissafi ta fi 7 a wasannin motsa jiki ciwo. Sai gefen da malamai ke rubuta ra'ayinsu, da wurin da aka ƙirga fashi. Nan ne kusan ba mai dubawa, alhali nan maganar take.

Bara wata inna ta zo da bilten a ninke cikin hijabi, har ya jiƙe da zufa. Ɗanta 8 bisa 20 ya samu gaba ɗaya. Uban ya riga ya aiko murya ta WhatsApp cewa a fidda shi, ya biyo shi kasuwa.

"Mushe, ka faɗa mini gaskiya, kansa ne babu?"

Na ce, "Inna, ki dakata mu gani." Lissafi 13. Faransanci 5, tarihi 6, kimiyyar halittu 6. Duk inda ake buƙatar dogon karatu nan ya faɗi. Na miƙa masa kayensa na ce ya karanta da ƙarfi. Ya ɗora yatsa bisa kowace kalma, yana haɗa baƙi kamar ɗan CE1, aji uku na firamare, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya ɓace masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaro mai kai haka, shekara da shekaru yana hawa aji, ba wanda ya zaunar da shi ya saurari karatunsa.

Nan take muka ɗauki murya muka aika wa uban, na yi masa bayani da kaina, na roƙe shi ya ba mu wata huɗu. Innar kuma na ce ta je lakkol ta gaida malamin Faransanci, ta tambaye shi abu ɗaya kacal: wane shafi yaron zai riƙa karantawa a gida.

Karanta bilten ba na karɓar ko dala. Kuɗin wata na darasi shi ke riƙe da mu, kuma ba kowane yaro nake cewa a kawo ba. Wani tabarau yake buƙata, wani kuwa a rage masa talla da safe.

Uban ya amsa bayan kwana biyu, ya ce ya yarda. Yaron yana nan bencin gaba, kullum bayan la'asar shafi ɗaya da ƙarfi kafin mu taɓa lissafi.