Ranar da na wanke muryar Charley Patton

Talata, da dare.

Tun ƙarfe 9 na safe nake zaune gaban kwamfuta a situdiyo ina goge numfashin wani yaro. Aikina ke nan. Mawaƙi ya shigo ya rera, ni kuma in bi muryar layi-layi, inda ta karkace in miƙar, inda ya haɗiyi yawu in yanke, inda ya ja iska in share, har ta fito sumul kamar ba daga maƙogwaron mutum ba. Na yau muryarsa ba laifi, amma baiti ɗaya sai da muka ɗauka sau 14, daga ƙarshe na tsinto kalma nan kalma can na ɗinke. Da ya saurara sai ya washe baki, wai ashe haka ya iya waƙa. Na ce masa ƙwarai kuwa.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, oga ya ce ba mai tada janareta sai la'asar, mai ya yi tsada. Kwamfutata tana da sauran caji, sai na kunna abin da nakan kunna in kunnena ya gaji, wato tsofaffin waƙoƙin buluz na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, na mutum ɗaya da jitarsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba yaron da ke koyon aiki a wurina ya leƙo.

"Yaya, ƙosai ake soyawa a cikin lasifikar nan?"

Na ce buluz ne. Ya ce wane Bulus? Sai da na yi dariya har da hawaye.

Amma da gaskiyarsa, ƙarar suyar ta fi mai waƙar fitowa. Charley Patton ne, mutumin gonar Dockery a jihar Misisipi, yana waƙarsa ta ambaliyar 1927, lokacin da kogin Misisipi ya ɓalle ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Na yi wa yaron bayani cewa kamfanin da ya ɗauke shi, Paramount, asalinsa na masu yin kujeru ne a Wiskonsin. Sun shiga ƙera akwatin garmaho, sai suka ga ai mai sayen garmaho yana buƙatar abin ɗorawa a kai, shi ne suka faɗa harkar faifai. Kuma da kayan arha suke buga shi, tun yana sabo yake shuuu. Da tattalin arzikin Amurka ya karye, zuwa 1932 sun daina ɗaukar kowa, yawancin uwayen faya-fayan na ƙarfe kuma suka salwanta. Abin da muke ji yau kwafi ne daga faifan da wani ya saya, allurar ƙarfe ta yi ta cin sa shekara da shekaru, har masu neman tsofaffin faya-fayai suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa suka saye.

Yaron ya ce, "To Yaya, ai ku ne masu abin. Ku wanke ta mana."

Wallahi ban taɓa gwadawa ba, shekarun nan duka. Na ɗora waƙar a manhajar da nake aiki da ita, na kama ɗan wurin da ba komai sai suya kafin ya fara kiɗa, na nuna mata cewa ga abokin gaba. Na ja ma'aunin zuwa rabi. Suyar ta ragu, muka kalli juna muna murmushi. Sai na zarme, na ja shi har ƙarshe.

Tsit. Ba suya ko kaɗan. Amma Patton ya koma kamar mai magana daga cikin randa, an kuma toshe bakin randar da tsumma. Kaushin nan na muryarsa, wanda ke sa ka ji kamar yashi ne a wuyansa, ya tafi. Bugun da yake yi wa jikin jitar da hannu ya zama ɗif-ɗif mara rai. Har 'yan maganganun da yake jefawa tsakanin baituka, kamar yana hira da wani a gefe, suka narke. A ilimin aikina na san dalili: suyar da kaushin muryar a wuri ɗaya suke zaune, manhaja ba ta san wanne ne datti wanne ne mutum ba. Sanin dalilin bai hana ni jin kunya ba, kamar na shiga ɗakin dattijo ba sallama na kwashe masa kaya da sunan shara. Na mayar da ita yadda take. Yaron ma da kansa ya ce ta farkon ta fi.

Abin da ya tsaya mini a rai har na dawo gida shi ne yadda aka ɗauki waɗannan waƙoƙi. Faifan yana juyawa sau 78 a minti, gefe ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 3 da 'yan kai, kuma kai tsaye allura ke sassaƙa sautin a kan kakin zuma. Ba yanka, ba ɗinki. Ka yi kuskure, ko a sake daga farko ko a bar shi haka duniya ta ji. Mutumin da ya saba kwana yana kiɗa a wurin rawa, an ce masa ga minti 3, zuba rayuwarka a ciki. Ni kuma na ɓata safiya guda a kan baiti ɗaya.

Bayan isha na tarar da Baba a zaure kan tabarma, rediyonsa ba batir. Na ba shi labarin abin da na yi, ya ce in sa masa ya ji. Patton bai shige shi ba, ya ce wannan faɗa yake yi. Sai na sa masa Mississippi John Hurt, mai taushin murya, wanda babban yatsansa ke tafiya a kan manyan tsirkiyoyi ba tsayawa kamar ana daka, sauran yatsun suna tsintar waƙar a sama. Na gaya masa a 1928 aka ɗauke shi, faya-fayan ba su yi kasuwa ba, ya koma ƙauyensu Avalon ya ci gaba da noma a gonar mutane. Sai a 1963 wani saurayi ya lura ya ambaci sunan ƙauyen a cikin waƙa, ya bi taswira ya je ya same shi a raye. Aka kai shi manyan taruka, ya yi shekara 3 ana tafa masa, ya rasu a 1966.

Baba ya yi shiru, sannan ya ƙirga da yatsu. "Shekara 35 ke nan yana riƙe da fartanya, ana can ana jin sa bai sani ba."

Na ce haka ne, Baba.

"Allah mai iko. Saka wani."

Na sa Blind Willie Johnson, makahon Teksas mai waƙoƙin wa'azi, waccan da aka ɗauka a Dalas a 1927 wadda ba kalma ko ɗaya a cikinta. Nishi kawai yake yi, tsirkiyar tana amsa masa, tana zamewa daga wannan sauti zuwa wancan. A nan ni da Baba muka zama ɗaya, Turancina bai ƙara mini komai ba. Ya gyara zama ya ce wannan kukan ai irin na goge ne. Na so in kawo masa zancen Gerhard Kubik, masanin kiɗan da ya yi rubutu cewa wasu siffofin buluz sun fi kama da kiɗan yankinmu na sabana fiye da na bakin teku, amma na yi shiru. Na lura in aka fara wannan zancen sai mu shiga cewa namu ne, namu ne, mu manta da gonar auduga da bulala da cocin da suka haifi abin a can. Kama dai akwai, kunnen Baba ya kama ta ba tare da littafi ba.

Abin da na gaya masa shi ne an saka wannan nishin a faifan zinaren da aka liƙa wa kumbon Voyager a 1977, yanzu haka yana can yana tafiya, ya wuce duk duniyoyin da ke kewaya rana. Baba ya ce shi mai nishin ya ci wani abu a ciki? Na ce ya rasu tun 1945, cikin talauci, bayan gidansa ya ƙone. Ya girgiza kai ya ce in maimaita masa. Sau uku muka ji, har cajin wayar ya koma 4.

Gobe da safe yaron nan mawaƙi zai zo karɓar aikinsa. Kafin in tashi ɗazu na ajiye kwafi biyu, ɗaya wankakke tas, ɗaya na bar masa numfashinsa kafin amshi, inda ya ja iska da ƙarfi don tsoron kada muryar ta gaza. Zan sa masa duka biyun ba tare da na ce komai ba. Na san wanda oga zai zaɓa.