Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hankaka

Makon jiya na tsaya a rasuwar Malam, maigidana. Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu, na ci, na sha, na kwanta. Hawan jini ne ya fito da ni daga ɗaki. Likita ya ce in riƙa tattaki, ni kuwa na zaɓi safiyar Asabar da Lahadi, kafin hanya ta cika.

Da farko ƙasa kawai nake kallo. Kukan kurciya ne ya fara ɗaga min kai, daga nan na lura da balbela da shirwa. Ɗan Yaya ya ba ni tsohon madubin hangen nesansa, shi ya gaya min tsattsewar nan da nake rainawa nauyinta bai fi giram 20 ba, amma daga Turai take tasowa ta ƙetare Sahara, wasu ma har Afirka ta Kudu. Balbela kuma da fikafikanta ta tsallake Tekun Atlantika, tun 1877 aka ganta a Kudancin Amurka. Ni da ke haki tun ban yi nisa ba, sai na ji kunya.

Hankaka ne kaɗai ba na son gani. "Hankaka, mai da ɗan wani naka." Haka Goggo ta ce min a gaban baƙi ranar da na karɓi riƙon 'yar ƙanwata, ina shekara tara da aure ko ɓari ban taɓa yi ba. Aka yi dariya, har da ni na yi. Malam yana ji bai ce uffan ba, Allah ya jiƙansa, wannan shirun har yau ban gama yafe shi ba.

A wajen tattakin na haɗu da matan da muka fara tara kayan wasa don hutun ƙarshen shekara. Kwali muke ajiyewa, mai 'yar tsana ya kawo, mai mota ko ƙwallo ya kawo, mu wanke mu kai wa marayu da yaran da hutu ya riska a gadon asibiti. Aikin ba sauƙi. Duk abin da ke da ƙananan ɓangarori ba ma ba ɗan ƙasa da shekara 3, yana iya shaƙe shi. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli kuwa ni nake bi ina cirewa, don idan yaro ya haɗiye shi cikin sa'o'i kaɗan yake ƙone masa maƙoshi. Wata ta kawo mana buhun karyayyun motoci, wai a ɗauke ta hoto tana miƙawa. Ta san kanta.

Wata yarinya da aka sa wa ƙarin ruwa ta karɓi 'yar tsana da hannu ɗaya, ta ce, "Mama, tawa ce har gida?" Maganar Goggo ce ta faɗo min a rai.

Na manta ban faɗa ba, kafin wannan rana, ɗan Yaya ya nuna min cewa akwai wani tsuntsu da ke lallaɓawa ya saka ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya ciyar har ɗan ya tashi. Ashe ba sata yake yi ba, ajiye masa ake yi.

Na kai wa Goggo wannan labari, lokacin ta tsufa ba ta gani sosai. Na ce, "Goggo, kun ji ashe hankakan naku reno yake yi." Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, "To ai wautarsa ce." Sannan ta ce in miƙo mata sandarta.