Godiya bayan zagayen addu'a domin Abuja

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Har yanzu muryata a dishe take, shi ya sa na ce bari in rubuta maimakon in bi kowa da waya. Allah ya kai mu ƙarshen azumi da addu'ar da muka ɗauka domin Abuja. Mako shida muka yi, kowane mako ƙaramar hukuma ɗaya: Abaji, Kwali, Gwagwalada, Kuje, Bwari, sannan muka rufe da kwanan addu'a a cikin gari, daren Juma'a wayewar Asabar. Mun fita lafiya, mun dawo lafiya. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Baba Rabaran, mun gode. Ranar farko da ka buɗe mana Irmiya 29:7, inda aka umarci bayin da aka kwashe zuwa Babila su nemi lafiyar birnin da suke zaune, ka yi mana tambayar da ta hana ni barci. Ka ce wa a cikinmu ya taɓa kiran Abuja gida? Shiru muka yi. Daga Kudancin Kaduna muke, daga Filato, Zuru, Tangale, Adamawa. Ƙauyukanmu muke kai wa gaban Allah kullum, Abuja kuwa sai ƙorafin kuɗin haya da cunkoson hanya. Tun 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta tare a nan, ni kaina a nan na haifi 'ya'yana duka, amma ban taɓa durƙusawa domin garin da sunansa ba sai bana.

Akwai wani dattijo Bagwari da ya same mu a Bwari. Ba mu gayyace shi ba, waƙa ya ji ya shigo. Da aka ba shi dama sai ya yi addu'a da Gbagyi, yawancinmu ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amin kawai muke amsawa. Bayan an tashi ne ya gaya mana cewa gonar iyayensa tana ƙarƙashin kwalta yanzu, kuma ya roƙi albarka ne ga masu bin ta kai. Baba, ko sunanka ban tambaya ba, laifina ne. Allah ya ƙara maka tsawon rai.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, kunun gyaɗa da ƙosan buɗe-baki ba su yanke ba ko sau ɗaya, ga tsadar wake. Matasa da mawaƙan coci, da janareto ya mutu wajen ƙarfe biyun dare ba ku tsaya ba, kuka kunna fitilun waya, ganga ta ci gaba. Haka direbanmu, da bakaniken da ya gyara mana mota a hanyar Abaji lokacin da bel ɗin inji ya tsinke. Bakaniken Musulmi ne, daga masallaci ya fito. Ya ƙi karɓar kuɗin aiki, ya ce mu dai sa yaransa a cikin addu'a. Mun sa su, Malam.

Abu ɗaya zan faɗa ba don tsegumi ba. Da muka zo kan shugabanni, fadar Aso Rock da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli, wasu sun so addu'a ta koma ta jam'iyya. Na fahimce ku, ni ma da na tuna kuɗin motar da nake biya kullum sai da bakina ya yi nauyi. Amma 1 Timoti sura 2, da ta ce a yi addu'a domin masu mulki, ba ta ware wanda muka zaɓa da wanda ba mu zaɓa ba. Na gode wa dattawan da suka maido mu kan hanya ba tare da an ɗaga murya ba.

Da asuba, muna mayar da mutanen Karu da Mararaba, muka tsaya a Nyanya, kusa da tashar da bam ya tashi da safiyar 14 ga Afrilu 2014. Ba ya cikin tsari. Wata 'yar'uwa ce ta ce a tsaya. Muka riƙe hannu a bakin titi, masu shayi suna hura wuta, leburori da masu gadi suna neman motar shiga gari. Muka ambaci waɗanda suka rasu, muka roƙi tsari ga masu sammako daga 'yan "wan cans", wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, da masu garkuwa da mutane. A wurin ne na yi kuka.

Ma'aji zai karanta bayanin baiko da abin da aka kashe ranar Lahadi bayan sujada. Kuma an bar Littafi Mai Tsarki na Hausa mai jan bango da fulas ɗaya a cikin mota, suna wurina.

Allah ya sāka wa kowa da alheri. Amin.