Kakar da na koyi raba raga da 'yan bayana

Wasanmu na farko a babbar gasar ƙwallon hannu ta ƙasa, a kan benci na kalle shi tun daga busar farko har ta ƙarshe. Ni ne gola na biyu. Mun hauro daga rukuni na biyu a shekarar, kuma can ƙasa ana yabona da saurin hannu, har na ɗauka saurin hannun nan shi ne sana'ar gaba ɗayanta. Saura minti goma a tashi a wasa na uku koci ya waigo ya ce in shiga. Harbi biyar aka yi mini, ban taɓa ko ɗaya ba. Ina ganin ƙwallon tana barin hannun mai harbi, kafin in ɗaga nawa ta riga ta girgiza raga.

Lissafin ba shi da wuya, ni ne ban taɓa zama na yi shi ba. Faɗin raga mita 3 ne, tsayinta mita 2. Ƙwararren mai harbi daga layin da ke mita 9 daga raga yana iya sakin ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 100 a awa ɗaya. Ke nan tsakanin barinta hannunsa da isowarta gabanka bai fi kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ba. Ga danƙon da suke shafa wa yatsu, wanda ke ba su damar murɗa ƙwallon ta daki ƙasa ta sauya hanya. Wanda ya tsaya sai ya gani sannan ya yanke shawara, ya makara.

Golanmu na ɗaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, Yaya nake ce masa. A daren nan a cikin mota muna komawa, ya dawo kujerar da ke kusa da ni ya ciro wani ɗan littafi da ya sha hannu. Kowane shafi da zanen raga, an raba ta gida tara, ga ɗige-ɗige birjik, a sama kuma lambar rigar wani ɗan wasa. Ya ce, "Ƙanena, kowane mai harbi yana da inda yake gudu idan ya matsu. Idan wasa na tafiya daidai zai yi maka wayo. Idan ana binsu ci ɗaya kuma ya gaji, gidan da ya saba zai koma." Tun daga ranar na sayi nawa littafin. Kafin kowane wasa sai in zauna da bidiyon abokan karawa, ina tsayarwa ina mayarwa baya, ina duban gwiwar hannu da kafaɗa da ƙafar da mutum ke tashi da ita. Ɗan gefe da ke shigowa ta kusurwa mai matsi dabam yake da dogon da ke tashi daga nesa, shi ma dabam da ƙaton da ke cusa kansa a layin mita 6, wato iyakar da'irar gola, ya juyo maka gaba da gaba.

Ana dab da gama zagayen farko Yaya ya ji rauni a gwiwa, likita ya ce shi da fili sai wata kakar. Raga ta dawo hannuna, mu kuwa muna can ƙasan teburi, inda maki biyu na nasara da maki ɗaya na kunnen doki suke da tsada kamar ruwa a sahara.

A nan ne na gamu da abin da littafi bai koya mini ba. Muna tsare gida ne da mutum shida a jere a bakin layin mita 6, kuma a tsakiyarsu akwai kyaftin ɗinmu, dogo mai faɗin ƙirji wanda ba ya yawan magana. A tsarinmu, idan mai harbi ya tashi daga nesa, masu tarewa za su ɗaga hannuwa su rufe kusurwa mai nisa, ni kuma in tsare ta kusa. Yarjejeniya ce, kowa da rabonsa. Ni fa ban yarda da ita a zuciyata ba. Da na ga kafaɗar mutum ta karkata sai in bar nawa ɓangaren in faɗa nasu, don ina ganin na karanta shi. Wani lokaci in dace, 'yan kallo su tashi da sowa. Amma sau da yawa sai ƙwallon ta shige ta inda ya kamata a same ni, ni da kyaftin mun taru muna tsaron wuri ɗaya, ɗayan kuma wayam.

A hutun rabin lokaci na wani wasan waje, bayan an zura mini irin wannan har sau uku, kyaftin ya tsaya a kaina a ɗakin sauya kaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Idan ta shiga ta wajena, laifina ne, zan faɗa a gaban kowa. Amma kai ka tsaya a naka. Ba zan iya tarewa ina tunanin inda kake ba." Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na gane cewa duk lokacin da na bar wurina, ba ci ɗaya kawai nake jawo mana ba, ina sa mutum shida su daina amincewa da abin da ke bayansu. Mai tarewar da bai yarda da golansa ba sai ya fara raba hannuwansa yana son rufe ko'ina, ƙwallo kuwa ta bi ta tsakani.

Na ɗauki makonni kafin jikina ya saba da tsayawa. Abu ne mai nauyi ka ga ƙwallo ta nufi ɗaya kusurwar ka hana kanka binta. Amma da sannu tarewar ta fara ƙaruwa. A wannan wasa, golan da ya tare kashi 30 cikin 100 na harbin da aka yi masa ya yi aikinsa, wanda ya kai 40 kuwa shi ne gwarzon ranar. Ma'ana ko a ranarka mai kyau, yawancin ƙwallaye za su wuce ka. Dole ka koyi ɗauko ta daga raga ba tare da ka tsaya jimami ba, musamman tun 2022 da Hukumar Ƙwallon Hannu ta Duniya ta kawo da'irar tsakiyar fili wadda ke ba a damar sake tashi da wasa a guje. Daƙiƙa biyu da ka ɓata kana dafe kai, damar ramuwa ce ka zubar.

Akwai kuma gudu, wanda ba wanda ya gaya mini zan yi shi haka. Tun dokar 2016 ana iya fitar da gola a saka ɗan wasa na bakwai ba tare da ya sanya rigar gola ba, raga ta zauna babu kowa. Kocinmu na yin haka duk sanda aka kori ɗayanmu na minti biyu. Sai in ruga benci, da mun rasa ƙwallo in rugo raga, kuma dole wanda zan maye ya fita ta wurin canji kafin in taka fili, in ba haka ba wani minti biyun ne a kanmu. Sau ɗaya a kakar aka ba ni jan kati: na fito daga da'irata don in tsinke doguwar ƙwallo, na yi karo da ɗan wasan da ke gudu yana kallon baya. A doka alhakin kauce wa wannan karo a kan gola yake, kuma dokar ta yi daidai, domin mutumin ba ya ganinka. Na bi shi har ɗakinsu bayan wasa na ba shi haƙuri.

Ranar rufe gasa muna gida, muna buƙatar maki biyu don kada mu koma inda muka fito. Yaya na zaune bayan benci da sandunansa. Saura ƙasa da rabin minti, muna gaba da ci ɗaya, ƙwallo na hannunsu. Alƙalai suka ɗaga hannu alamar suna jan lokaci, wanda ke nufin miƙawa huɗu kawai ta rage musu kafin dole su harba. Na san wa za su nema: bahagon nan na ɓangaren damansu, wanda shafinsa a littafina ya cika da ɗige a kusurwa mai nisa, can sama. Duk jikina na ce mini in tafi can. Ya tashi sama, na ga kafaɗar ta buɗe daidai yadda na sha gani a bidiyo. Na manne da turken kusa, ban motsa ba.

Ƙwallon ta daki tafin kyaftin ta yi sama ta faɗo wajen layin gefe, usur ya tashi kafin su ɗauko ta. Ya juyo ya dube ni, yana riƙe da yatsun da suka riga suka fara kumbura, ya gyaɗa kai sau ɗaya, sannan sauran suka rufe mu.