Awa ɗaya ta kusa sa a kori yaron Alhaji

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Ko azkar ban gama ba bayan asuba sai ga kiran Alhaji daga kasuwar Mile 12 a Legas, ba wata doguwar gaisuwa, "Yaro, wannan manhajar taka ƙarya take yi." Wai tirelar tumatir daga Kano ta sauke kaya sha biyu da rabi na dare, an shigar a waya, amma da ya duba lissafin sabon wata babu ita, har ya fara yi wa yaron shagonsa faɗa yana zaton ya ci kuɗin. Na ce Allah ya huci zuciyarka Alhaji, a ƙyale yaron tukuna.

Tun daga Agege har Yaba ina cikin danfo ina ta saƙe-saƙe, kwandasta ya yi min maganar kuɗin mota sau biyu ban ji ba.

Ina buɗe kwamfuta na ga abin, wallahi kunya ta kama ni. Saba, wato kwamfutar da manhajar ke adana bayanai a kanta, tana ajiye lokaci haka: 2024-01-31T23:30:00Z. Wannan Z ɗin ta ƙarshe UTC take nufi, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, mu kuma agogonmu yana gaban UTC da awa ɗaya, to sha biyu da rabi na darenmu a can sha ɗaya da rabi ne, jiya ke nan, watan jiya ma. Ni kuma don ragwanci sai na yanko haruffa goma na farko na ce ai ga kwanan wata. Duk kayan da suka sauka tsakanin sha biyu da ɗaya na dare suna komawa jiya, kuma tireloli ai da dare suke shigowa.

Na gyara, yanzu a karanta lokacin duka da Z ɗinsa, sai wajen nunawa a juya shi da Africa/Lagos, wato lokacin Najeriya. Mu ma Allah ya taimake mu ba ma canja agogo kamar Ingila da suke matsar da shi a Maris su dawo da shi a Oktoba.

Ina gwaji na sake faɗawa wani ramin. JavaScript, wato yaren rubuta manhaja, in ka ba ta kwanan wata zalla sai ta ɗauke shi UTC, in ka haɗa da awa ba Z kuma sai ta bi agogon wayar mutum. Wa ya tsara wannan oho.

La'asar na kira Alhaji, ya duba ya ga tirelarsa. Ya ce gobe in aiko a karɓar min kwando ɗaya, ni dai na ce a fara ba yaron haƙuri.