Rumfa a cikin adaidaita sahu

Yau muna cikin adaidaita sahu ni da ɗan yayata, go-slow ya riƙe mu daidai Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano. Yaron nan ya haddace "Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499" saboda jarrabawa, amma da na nuna masa gidan Sarki na ce ga aikin Rumfa, sai ya yi min kallon bai gane ba. Wani dattijo da ke gefenmu ya yi murmushi, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ɗana, ka taɓa jin kakaki ranar hawan Sallah? A zamaninsa aka fara busa shi a Kano." Daga nan ya shiga ba shi labarin kafa Kasuwar Kurmi, da zuwan Shehu Magili, babban malami daga Arewacin Afirka, da yadda aka sare bishiyar tsafi aka gina masallaci a wurin.

Yaron da ko uffan ba ya cewa a aji, wai shi ne har da tambayar, "Baba, to mutanen ba su yi faɗa ba da aka sare ta?" Wallahi tambayar ta fi duk abin da ke littafinsa nauyi. Ina ganin ranar Asabar gidan tarihi na Gidan Makama za mu, in ya so lesin ɗin ya jira.